Ba "gyaran hali" ba ne: wane suna za mu sa wa wannan aiki?

1/ Jama'a, kalma ɗaya nake so mu daidaita a kanta. Akwai aikin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira rehabilitation, wanda ake yi wa mutumin da ya daɗe yana fama da sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, bayan magani ya kama shi. A rediyo da jarida "gyaran hali" ake ta ce masa. Ni kam ban yarda da wannan suna ba.

2/ Wanda ake gyara wa hali, halinsa ne ya lalace. Mai wannan ciwo ba kangarewa ya yi ba, lalura ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 tana damun mutum miliyan 24, kusan ɗaya cikin 300. Sannan sunan ya riga ya ɓaci a kunne. Da shi ake kiran gidajen mari, irin wanda 'yan sanda suka fasa a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa. Uwar da aka ce mata ɗanta na bukatar gyaran hali, can hankalinta zai tafi.

3/ Bari in faɗi aikin, don mu san abin da muke raɗa wa suna. Magani yakan kwantar da muryoyin da mutum ke ji, da zargin cewa ana bibiyarsa. Abin da ba ya cika taɓawa shi ne raunin tattara hankali, da mantuwa, da kasa tsara aiki daki-daki. A ce tela ne ya koma shago. An faɗa masa awon kafaɗa da na hannu, kafin ya ɗauko alli na biyun ya tsere masa. Ya sa almakashi a yadi bai duba tsawo ba. A gida sai a ce ai lalaci ne, shi kuwa ya daina fita saboda kunya.

Aikin ɓangare biyu ne; a na farko, wannan raunin ake bi. Mara lafiyan ya zauna da ma'aikaci 'yan lokuta a mako, tsawon watanni, ana ba shi atisaye a takarda ko a kwamfuta, ana koya masa dabaru: ya rubuta awo nan take, ya maimaita umarni a baki, ya gutsuttsura babban aiki.

4/ Ɗaya ɓangaren sana'a ce. A da sai a ajiye mutum shekaru a wani ɗakin koyo na marasa lafiya zalla, ana jiran ranar da zai shirya. A farkon shekarun 1990 Deborah Becker da Robert Drake, a jihar New Hampshire ta Amurka, suka juya tsarin: a fara sama masa aiki na gaske, wanda shi ya zaɓa, mai albashi, sannan ma'aikaci ya riƙa bin sa yana tallafa masa a can. Gwaje-gwaje a ƙasashe da dama sun nuna masu samun aiki ta wannan hanya sun kai kusan ninki biyu na masu bin tsohon tsarin. Shi ma atisayen nan ya fi amfani idan an haɗa shi da aikin yi.

5/ To, sunaye. "Farfaɗowa" ta wanda ya suma ce, a take ake yin ta. "Jinya" tana kwantar da mutum a yi masa komai, alhali a nan shi ne mai aikin. "Gashi" ya fi su kusa, tun da muna da gashin ƙashi bayan ɗori, amma ka ce wa mutum za a yi wa ƙanensa gashin ƙwaƙwalwa ka ga ko zai kawo shi. Zai ɗauka jona masa lantarki za a yi.

6/ Zaɓina "tada komaɗa". Haka muke faɗa wa ɗan kasuwar da jarinsa ya karye ya miƙe sannu a hankali. Babu zargi a cikinta, babu tsangwama, kuma tana ɗaukar ƙoƙarin mutum da taimakon wasu: an taimaka masa ya tada komaɗa. A allon asibiti "Sashen Tada Komaɗa" ba zai kori kowa ba.

Rassan biyu kuma: "atisayen tunani" da "rakiyar sana'a". Na guji "horo" saboda ya haɗa ma'ana da hukunci, na guji "wasa ƙwaƙwalwa" saboda ta tafi wajen kacici-kacici.

7/ Kada a ce wannan surutun suna ne kawai. A 2002 likitocin Japan sun sauya wa ciwon kansa suna, daga mai nufin tsagewar hankali zuwa mai nufin rashin daidaituwa, kuma bayan nan yawan marasa lafiyar da ake gaya wa ainihin ciwonsu ya ƙaru sosai.

8/ Inda za a iya kama ni shi ne komaɗa ta fi karkata wajen dukiya. Malaman jinya da ke aiki a ɓangaren ƙwaƙwalwa, da iyalan da ke riƙe da mai wannan lalura, daga Kano har Damagaram, ku gwada ta a bakinku ku faɗa mana yadda ta zauna. Wanda ya taɓa ciwon da kansa, nasa ra'ayin nake so a fara ji.