Yaya zan raba yarana da waya?

Maman Ummi, Bauchi: Assalamu alaikum. Yarana uku da zarar sun dawo daga Islamiyya sai kallon waya har isha'i, abin yana damuna ƙwarai. Ina neman shawararku.

Malam Buba: Wa alaikumus salam, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallonsa ya wuce awa ɗaya a yini. Amma hani kaɗai ba ya wadatarwa. Ki koya musu langa da 'yar carafke a tsakar gida, ki gayyato 'ya'yan maƙwabta bayan la'asar.

Baban Sadiq: Ni na kai nawa Yankari, suka yi wanka a ruwan Wikki, ranar babu wanda ya nemi waya.