Ƙanina yana neman rance zai zuba a tseren dawakin Ingila, in tura masa?

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana.

Ƙanina ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana digiri na biyu a Liverpool. Gonar Baba aka sayar aka tura shi. Tun shigowar sanyin bana hirarsa ta koma ta dawaki, irin tseren nan da doki ke gudu yana tsallake shingaye. Ya ce ya shiga wani rukuni a Telegram, akwai mutumin da ke ba su sunan dokin da zai ci kowace safiya, suna biyansa fam 40 a wata. Ya turo min hotunan sakamako, daga sama har ƙasa alamar ci ce. Yanzu rancen fam 600 yake nema, wai akwai babban taron tsere a Cheltenham cikin watan Maris, yana gamawa zai mayar min da ninki biyu. Da na ce masa ai wannan caca ce, sai ya ce ilimi ne, ana duba tarihin doki da nauyin da zai ɗauka da laushin ƙasa.

Kuɗin adashina ne da na ware wa makarantar yara. Abin da ya hana ni barci shi ne, cikin hira ya suɓuce masa cewa mai gidan haya ya fara yi masa magana. Waɗanda ke can, da gaske ana samun kuɗi a wannan abu? In tura? Kuma in faɗa wa Baba, ga shi da hawan jini?

Direban tasi a Liverpool:
Wa alaikumus salam Yaya. Kada ki tura. Duk watan Afrilu ni nake kwasar mutane zuwa filin tsere na Aintree ranar babban tseren Grand National, ni kuma nake dawo da su da yamma, na san yadda fuskokinsu ke komawa.

Bari in ba ki abin da ya faru a Cheltenham ɗin da yake magana. A watan Maris na 2015, ranar farko, jama'a da yawa sun haɗa dawakai huɗu na mai horarwa Willie Mullins a tikiti ɗaya, duka Ruby Walsh ne a kansu. Douvan ya ci, Un De Sceaux ya ci, Faugheen ya ci. Saura goɗiya Annie Power. Tana gaba, babu mai kama ta, ta zo shingen ƙarshe ta tashi da wuri ta kifa. Tikitin dubban mutane ya mutu a wannan tsallen. Bayan shekara goma, a 2025, aka sake gani a tseren Champion Hurdle: Constitution Hill, wanda ba a taɓa cinye shi ba kafin ranar, ya faɗi a tsakiyar tsere. State Man ya karɓi gaba da tazara, shi ma ya faɗi a shingen ƙarshe. Wata goɗiya Golden Ace da aka sa wa farashin 25/1, wato ka sa fam 1 ka ci 25, ita ta ɗauki kofin. Waɗannan da suka faɗi su ne dawakan da suka fi kowane a Ingila da Ailan, da mahayan da suka fi kowa. Mai horar da doki da ke kwana da shi yana tashi da shi bai san zai faɗi ba, ta ina mutumin Telegram zai sani?

Ki ce ƙanin naki ya buɗe jadawalin sakamako na kowace rana ya ƙirga haruffan da ke gaban sunayen dawaki. F faɗuwa ce, U doki ya kayar da mahayi, P mahayi ya ja linzami ya haƙura. Corach Rambler da ya ci Grand National a 2023, da ya dawo a 2024 a shingen farko ya zubar da mahayinsa, alhali tsalle 30 ne a tseren.

Malamin lissafi:
Hajiya, ƙaninki bai yi ƙarya ba da ya ce ana duba nauyi da laushin ƙasa. Matsalar ita ce kamfanin caca ya riga shi dubawa, da ma'aikata da kwamfutoci, kuma abin da ya gano ne ya zuba cikin farashin. Bayan haka ya yanki nasa kason. Ga misali. Dawakai biyu, ƙarfinsu ɗaya. Kamfani ya ce kowanne 10/11, wato ka sa fam 11 ka ci 10. Mutum biyu suka sa, kowa ya zaɓi nasa, fam 22 ta shiga aljihun kamfani. Wanda ya ci aka ba shi 21. Ko wane doki ya zo na ɗaya, fam 1 ta zauna. Haka ake gina farashin kowane tsere, kuma idan dawakan suka yi yawa kason yakan ƙaru. Dokin da aka fi sa wa rai ma, a jimlace, kusan sau ɗaya cikin uku yake ci.

Hotunan sakamakon kuwa ba hujja ba ne. Mai rukuni yana iya goge waɗanda suka faɗi kafin ya ɗauki hoto. Yana iya buɗe rukuni uku ya ba kowanne doki daban, duk wanda ya dace ya tallata shi. Sannan ki tambayi ƙaninki abu ɗaya: da zai buɗe asusun caca, ta mahaɗin da mutumin ya turo ya shiga? Idan e, to da yawa daga masu sayar da hasashe suna da yarjejeniya da kamfanoni, ana ba su kaso daga abin da mutanen da suka kawo suka yi asara. Kin ga yana cin fam 40 ɗinsa, yana kuma ci daga faɗuwarsa.

Idan ya ƙi yarda, ya rubuta duk dokin da aka ba shi a littafi kafin a fara tsere, wata guda, ba tare da sa ko kwabo ba, ya lissafa da kansa.

Wani malami a rukunin:
Malam, na yarda da lissafinka, amma ban goyi bayan gwajin wata guda ba. Wanda abin ya riga ya kama, ka ce ya zauna yana bin tsere kullum, wata rana dokin zai ci, zuciya ta ce masa ga abin da ya wuce ka. Kuma ko da lissafin ya nuna riba, hukuncin bai canja ba. Allah Ya ambaci caca tare da giya a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, Ya ce a nisance ta, Ya kuma faɗi abin da take haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane da shagala daga salla. Sukuwa ita kanta ba laifi ba ce, zuba kuɗi a kan wanda zai ci shi ne matsalar. 'Yar'uwa, rance don wannan taimako ne a kan saɓo. Ki gaya masa haka da taushin murya, kada ki kira shi ɗan caca.

Nas a Manchester:
Anti, maganar hayar nan ita ce ta fi komai. Ɗalibi a nan awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuɗinsa ƙididdigagge ne. In haya ta fara makara, to akwai ramin da yake son cikewa da kuɗinki. Ki kira shi ta bidiyo ki tambaye shi kai tsaye nawa ake bin sa, da su wa.

Ga abin da zai yi, duka kyauta ne. Ya yi rajista da GAMSTOP, zai zaɓi wata 6, shekara 1 ko shekara 5, duk kamfanonin caca na intanet masu lasisin Birtaniya za su rufe masa ƙofa. Shi zai yi da hannunsa, ba a yi wa mutum, amma kina iya zama a kan waya har ya gama. Shagunan kan titi tsarinsu daban ne, sai ya nemi a hana shi shiga su ma. A manhajar bankinsa akwai wurin toshe biyan kuɗin caca, yawancin bankunan nan suna da shi. Layin taimako na GamCare, 0808 8020 133, dare da rana ne, kuma suna sauraron 'yan'uwan mai matsalar. In bashi ya taru, StepChange na ba da shawara ba tare da karɓar komai ba. Jami'arsa ma tana da ofishin walwalar ɗalibai.

In kin ga dole ki taimaka, ki biya hayar kai tsaye ga mai gida ki karɓi rasit. Kada kuɗi ya bi ta asusunsa.

Uwar marayu:
Ni dai ina ganin a gaya wa mahaifinku. Gonarsa ce ta tafi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara ya ji daga bakinki da ya ji an koro yaro daga makaranta.

Nas a Manchester:
Mama, da girmamawa, a ɗan jinkirta. Kunya ce ke sa irinsu su ƙara nutsewa, suna neman su mayar da abin da ya tafi kafin gida a ji. A ba shi wa'adi: ya rufe asusun, ya nuna mata takardar banki. In ya ƙi, sai a shigo da babba, kuma a fara da kawu ko wani da yake jin nauyinsa kafin a kai ga mai hawan jini.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tambaye shi zancen mahaɗin, ya ce e, ta nan ya yi rajista, har da kamfani biyu. Hayar wata biyu ake bin sa. Na ce ba zan ba shi kuɗi a hannu ba, ya yi fushi ya kashe waya, amma da asuba ya turo lambar mai gidan. Ya ce Asabar za mu zauna kan maganar GAMSTOP. Kawunmu na wajen uwa zan sanar tukuna. Ɗan'uwa direba, in ba damuwa, ka turo wa admin sunan masallacin da 'yan gida ke haɗuwa ranar Juma'a, ina so ya samu mutane a kusa da shi kafin watan Maris ya kama.

Direban tasi a Liverpool:
Na tura wa admin, Yaya. In ya yarda ya ba ni lambarsa, ni zan biya in ɗauke shi wannan Juma'ar.