Tumatirin rani a Kadawa: sa'a ce ko shiri?

Ɗan Bunkure: Assalamu alaikum. Kawuna ya ba ni aron eka ɗaya a Kadawa, bakin kanal. Ina da dubu ɗari huɗu da na tara a ɗinki. Na riga na yafa iri, so nake in dasa da wuri in riga cikar kasuwa. Abokaina sun ce tumatir caca ne, in zuba alkama kawai. Waɗanda suka taɓa yi, me kuka gani?

Mai Albasa: Ka je Aliero ka koyi albasa, malam.

Baban Yara: Ɗana, ni na yi shirin da ya fi naka a 2016. Eka uku, taki buhu-buhu, asuba ta fari ina gona. Sharon, tsutsar nan mai cin tumatir, ta shigo, cikin mako guda ganye ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. In ka fasa ɗan tumatir, tsutsa ce a ciki tana motsi. Feshi bakwai na yi. Babur ɗina na sayar na biya bashi, har yau a ƙasa nake.

Hajiya Mai Markaɗe: Amma Baba, a shekarar wanda ya tsira ai ya yi kuɗi. Maƙwabcinmu duk yamma yana bin kunya-kunya yana ɗaga ganye, ya gan ta tun tana ƙwai, ya sauya magani. Mutane suka ce sa'a. Wace sa'a?

Baban Yara: Ni barci nake yi kenan, Hajiya?

Direban Legas: Bara na ga kwando a dubu takwas a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan.

Mai Albasa: Takwas? Dubu ashirin da biyar na saya!

Direban Legas: Wane wata? Ni Fabrairu nake nufi, lokacin da ake zubarwa a bakin titi.

Ɗan Kura: Masu noma a Facebook ku bari manoma su yi magana. Hajiya markaɗe take yi, ba ban ruwa ba.

Hajiya Mai Markaɗe: Kuɗin markaɗen ne ke saya wa mijina taki.

Na-Gambo: Ka ci gaba da ɗinkinka, allura ba ta tsutsa.

Direban Legas: Ku bar tsutsa, hanya ce ciwon. Daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas shinge nawa? Kowa da rasitinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ke cinye ribar, ɗan kamasho ya kwashe saura.

Ɗan Bunkure: To in dasa ko kar in dasa?

Ɗan Kura: Direba, ku ma fa kuna tsuga mana kuɗin kwando.