Redis na jan ƙafa wajen ajiya a faifai: shawarwarin da muka tattaro

Mun kwana biyu muna muhawara da abokan aiki kan Redis ɗinmu, manhajar da ke riƙe bayanai a RAM, da ke cijewa lokacin ajiya. Bakin kowa ya zo ɗaya a nan: kafin a taɓa saiti, a buga umarnin INFO a duba alƙaluman da Redis ke nunawa. Idan latest_fork_usec, wato lokacin da Redis ya ɗauka wajen haifar da ɗan aiki (fork) na ƙarshe, ya yi yawa, laifin ba na faifai ba ne, cijewar tana faruwa ne lokacin da Redis ke haifar da ɗan aikin da zai rubuta RDB, fayil ɗin da ke ɗauke da kwafin dukkan bayanan. Idan kuwa aof_delayed_fsync ke hawa, wato ƙidayar jinkirin tura AOF (fayil ɗin da ke rubuta kowane canji) zuwa faifai, faifan ne ya shaƙe, sai a tabbatar ta hanyar iostat, manhajar duba aikin faifai.

Inda aka fi daɗewa shi ne manyan shafukan ƙwaƙwalwa na Linux, wato THP. Ana cikin ajiya, ƙaramin canji sai ya sa a kwafi shafi mai 2MB maimakon 4KB, RAM ta cika, na'ura ta faɗa swap, wato amfani da faifai a madadin RAM. A kashe THP kawai, a kuma sa vm.overcommit_memory, saitin Linux na rabon RAM, ya zama 1.

Wani ya ce a kunna no-appendfsync-on-rewrite, saitin da ke dakatar da tilasta tura AOF zuwa faifai yayin da ake sake rubuta shi. Yana sauƙaƙa nauyi, amma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sake rubuta AOF, ana iya yin asarar bayanai. Ni dai na fi karkata ga a bar appendfsync a everysec, wato a tura AOF zuwa faifai kowace daƙiƙa, a ɗora wa replica, wato Redis na biyu mai kwafar na farko, aikin ajiyar.