Haɗarin zaftarewar dusar ƙanƙara mataki na 3 a Tirol: in bi abokaina ranar Asabar ko in zauna?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Innsbruck, jihar Tirol, ƙasar Ostiriya. 'Yan ajinmu sun ce mu je zamiya a kan dusar ƙanƙara ranar Asabar, amma ba a filin da ake gyarawa ba, can bayan dutse inda ba kowa. Rahoton zaftarewar dusar ƙanƙara ya ce mataki na 3. Su wai 3 cikin 5 tsakiya ne, ba komai. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wa ya san abin nan?

Yaya Hajara, Siwizalan: Wa alaikumus salam. Ƙanena, "tsakiya" ɗin nan shi ke cin mutane. Kusan rabin waɗanda ke mutuwa, a mataki na 3 ne, domin a 4 da 5 kowa na gida. Kuma yawanci mutum ne ko abokin tafiyarsa ke tayar da ita da ƙafarsa.

Abin dubawa shi ne ƙarƙashi. Tsohuwar dusa takan zama tsaba-tsaba, sabuwa ta zubo, iska ta danƙare ta a sama. Kamar tabarma ce aka shimfiɗa a kan gero: ka taka, duk ta tafi da kai. Gangaren da ya kai digiri 30 zuwa 45 ya fi haɗari, musamman gefen da iska ta tara dusa. In ka ji ƙasa ta yi "wum" ko ka ga tsaga na gudu daga ƙafarka, juya kawai. Kada ka tsaya a lambar, karanta bayanin, zai faɗi tsayi da fuskar dutsen da matsalar take.

Baban Yusra: Tambaye su kayan aiki. Kowa dole ya rataya na'urar neman wanda ya binnu, da sandar zungura da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15, sama da kashi 90 cikin 100 na rayuwa. Zuwa minti 35 ya faɗo kusan kashi 30, numfashi ke ƙarewa. Ka kira 140, lambar masu ceto a duwatsu, amma kafin jirgin ceto ya iso abokanka ne za su tono ka. Sun taɓa gwadawa?

Bakano: Kai da ka taso a rairayi, me ya kai ka? Zauna ka sha shayi.

Ɗan Damagaram: Na gode Yaya. Na tambaya, mutum biyu ne kawai ke da na'urar cikin mu shida. Na ce musu ni filin da ake gyarawa za ni.