Rabon kwanan yara bayan mutuwar aure: kowa ya faɗi yadda tasa ta kaya

Maman biyu, Manchester
Assalamu alaikum 'yan uwa. Aurena ya mutu bara, yara biyu, babbar shekara 7, ƙaramin bai cika 3 ba. Babansu ya cike fom ɗin C100, na neman kotu ta tsara zaman yara, ya kai kotun iyali, yana so su riƙa mako guda wajensa, mako guda wajena. Ban hana shi 'ya'yansa ba, amma ƙaramin har yanzu sai ya ji ɗumina yake barci. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni haske.

Wata 'yar uwa, Birmingham
Allah Ya ba ki haƙuri. Ki fara duba lissafin kuɗin ciyarwa, sau da yawa a nan gizo ke saƙa. A Ingila hukumar da ke yanke kuɗin da kwana take aiki. Idan yaro na kwana wajen uba dare 52 zuwa 103 a shekara, ana rage masa kashi ɗaya cikin bakwai. Daga 104 zuwa 155 kashi biyu, 156 zuwa 174 kashi uku, daga 175 kuwa rabi, har da ƙarin ragin fam 7 a mako kan kowane yaro. Nawa tsohon mijin yana da Juma'a da Asabar duk bayan mako biyu, 52 ke nan. Sai ya kafe lallai sai an ƙara masa daren Laraba kowane mako. Ki haɗa ki gani, 104 cif. Ya samu, amma aikin dare yake yi, yarinyar a gidan ƙanwarsa take kwana, ta dawo min Alhamis ko kitso ba a gyara ba.

Wani uba, Leeds
Hajiya, ba kowane uba ke ƙirga fam ba. Ni da farko yinin Asabar kawai nake samu, mu ci kaza, mu je filin wasa, in mai da shi. Baƙo ne ni a wajen ɗana. Sai da ya fara kwana na san yana tarin dare, na san tsoron duhu yake. Jami'ar Cafcass, hukumar da ke ba kotun iyali shawara kan lamarin yara, ta zo ta ga ɗakinsa, ta gana da yaron shi kaɗai, ta ba da shawarar a bi a hankali: yini tukuna, sai dare ɗaya, sai biyu. Yanzu kwana biyu wajena, biyu wajen uwarsa, uku wajena muke yi, mako mai zuwa a juya. A makaranta muke musaya, uwar ta kai shi da safe ni in ɗauko, ba mai ganin fuskar wani. Maman biyu, ki gabatar da irin wannan tsari da kanki, ya fi ki ce a'a kawai.

Kaka, Kano
Ikon Allah, yara sun koma kamar rabon girki. Mu nan a mazhabar Malikiyya riƙon na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. Uba ya duba tarbiyyarsa, ya tura shi makaranta, ya ciyar, amma kwana wajen uwa ne. In ta yi wani auren, riƙon ya koma hannun mahaifiyarta, ta haka jikata ta zo hannuna. A aikace dai da yawa ana yaye yaro uban ya aiko a ɗauke, matar kuma kunya ta hana ta zuwa gaban alƙali.

Abu Yasmin, Landan
Ku sa maganar Sallah a rubuce. Tunda sai an ga wata, kwanan wata ba ya rubutuwa, mu "daren jajibiri da ranar idi" muka sa, bana ƙaramar Sallah wajena, babba wajen uwar, baɗi a juya. Sai fasfo: wanda kotu ta ce yaro na zaune wajensa yana iya fita da shi ƙasar waje ƙasa da wata guda ba sai ya nemi izini ba. Najeriya kuma ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1980 kan mayar da yaran da aka gudu da su, don haka da an ambaci hutu a gida hankalin kowa ke tashi.

Maman biyu, Manchester
Na gode ƙwarai. Zan nemi a fara da dare ɗaya ga ƙaramin, babbar ta yi biyu. Amma akwai wanda aka raba wa yaya da ƙane kwana haka? Ita ce ke lallashinsa in ya farka.