Muhawara: mai sakin shafi kullum, dole ne ya yi karatu?

Maman Hanif: Salam 'yan zaure. Ga magana na ajiye, mai ja ya ja. Marubucin labarin yaƙi da aljanu da ke cin gashin kansa, ba kamfanin da ke buga masa, shi ne mai taifin, shi ne mai talla, shi ne mai bin shaidar biya, karatun littattafan wasu ɓata masa lokaci ne. Mutane sun biya ɗari biyar-biyar, kullum bayan isha'i suna jiran ci gaba. Ranar da aka yi fashi waya ba ta hutawa: "Anti lafiya? Anti mun ji shiru." In fashin ya yi yawa a koma "a maido mana da kuɗinmu". To yaushe za a zauna karatu? Kuma shi aljani da birnin tsafi daga ka suke fitowa, ba wanda ya je ya gano balle ya ce an yi kuskure. Sharhin masu karatu ya fi kowane littafi koya wa mutum abin da ake so.

Abu Sadik: Anti kin gama magana. Ni har gudun karatun nake idan ina tsakiyar labari, don kada salon wani ya shigo mini ban sani ba a ce na yi sata.

Baba Mai Haya: 'Yata, ni ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, amma na daɗe ina ba da hayar littafi tun ana ɗinke su da zare saboda yagewa, don haka ki bar ni in ja. Kin ce daga ka suke fitowa. To me ya sa kawunan naku duk abu ɗaya suke fitarwa? Sarki azzalumi mai bautar gunki, gimbiyar da ba a taɓa yin mai kyanta ba, boka a kogon dutse da madubin tsafi, sadauki mai sara da suka har jini ya yi ambaliya, tafiyar shekara arba'in da aljani zai yi cikin daƙiƙa. Na karanta wannan a bugun takarda lokacin da littattafan yaƙi ke tashe a Sabon Gari, yanzu jikata na karanta mini shi a waya, sunaye kawai aka sauya. Wanda ya ce ba ya karatu ba daga kansa yake ɗebowa ba, daga abin da ya karanta yana ɗan sakandare yake ɗebowa, ya manta ne.

Abu Sadik: Baba ai abin da ake so ke nan. Ka cire boka da gimbiya ka ga ko mutum goma za su biya.

Baba Mai Haya: Ban ce ka cire ba, ɗana. Na ce bokan naka ya zama yana da abin da na maƙwabcinka ba shi da shi.

Zainab BUK: Yaya Abu Sadik, tsoron satar nan ne ban gane ba. Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, zama ya yi a Zariya da tarin littattafai na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya ɗebo labarai ya sa musu riga da hula, ya ba aku ya faɗa a fadar sarki. Har yau ba wanda ya karanta ya ji baƙunta. Mai karatu da yawa ya san daga ina abu ya fito, don haka ya san yadda zai juya shi. Mai littafi biyu a ka shi ne ke kwafa ba tare da ya sani ba.

Kuma Anti Maman Hanif, batun ba wanda zai ce an yi kuskure, akwai. Na karanta wani labari da jarumi ya sa sulke da kwalkwali ya yi sukuwa tun asuba har magariba a doki ɗaya, bai shayar da shi ba, dokin bai yi ko kumfa ba. Aljani na yarda da shi don marubuci ne ya kafa masa doka. Doki kuwa mun san shi, muna ganin sa a hawan salla yana haki bayan jafi ɗaya.

Maman Hanif: Ƙanwata, Imam aikin hukuma yake yi, ana biyan sa, ga Bature a gefe yana duba masa. Ni wa ke biya na in na zauna karatu? Ki kawo misalin wanda ke ciyar da kansa da rubutun.

Zainab BUK: Su ma na waje masu buga nasu da kansu suna cikin irin wannan matsin. Amazon ta buɗe wa marubuta ƙofar buga littafi kai tsaye a 2007, daga 2010 ta fara ba marubuci kashi 70 cikin ɗari na kuɗin littafi idan farashin ya faɗa tsakanin dala 2.99 da 9.99. Daga 2015 kuma, a tsarinta na Kindle Unlimited da mai karatu ke biyan kuɗin wata ya yi ta karatu, gwargwadon shafukan da aka karanta ake biya. Shi ya sa su ma suke jero littafi bayan littafi ba hutu. Amma wanda duk ake kafa misali da shi, marubucin Amurka Brandon Sanderson, da ya tara sama da dala miliyan 41 a Kickstarter, shafin da masoya ke biya tun kafin abu ya fito, a 2022, sai da ya gama rubuta littattafai huɗu a ɓoye sannan ya ce a kawo kuɗi.

Abu Sadik: Wannan ai ba sa'anmu ba ne. Manyan kamfanoni sun daɗe suna buga shi, yana da ma'aikata nasa. Ni wayata ce ofishina, in NEPA ta ɗauke an tashi daga aiki.

Hadiza Damagaram: Ni mai karatu ce, daga cikin masu turo katin waya. Anti Maman Hanif, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Sharhin namu da kike cewa yana koyarwa, me muke rubutawa? "Wayyo Anti kar ki kashe shi." "Allah ya isa tsakaninmu da boka." "A ƙara yawan shafi." Ba mu taɓa ce miki ga sabon abu ba, don ba mu da shi. Abin da muka ji daɗinsa jiya muke roƙo a maimaita. Kuma muna gane ranar da marubuciya ta ƙare: sai a shiga daji na bakwai, a haɗu da dodo na bakwai, a yi shafi uku ana siffanta ƙahonsa. Kamar mai tuwon sayarwa ce da baƙi suka yi mata yawa ta ƙara wa miya ruwa. Muna ci, amma mun sani.

Abin da ya fi damu na shi ne duk labaran a wata ƙasa mai sunan Larabawa ko Farisa ake yin su. A nan Nijar muna da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Kuna da Surame ta Kanta Sarkin Kabi da ganuwarta ta dutse tana nan a kwance a jihar Sakkwato. Tarihin Kano da ƙaton maharbi ya buɗe, mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, ga Barbushe a kan Dala, ga Tsumburbura a cikin bishiyar da aka kewaye da katanga ba mai shiga sai shi. 'Yan bori ma birni guda suka ba iskoki, Jangare, da sarki da gidaje da dangantaka: Ɗan Galadima ɗan sarki mai caca da ɓarnar dukiya, Malam Alhaji tsoho mai tari, Inna Bafulatana. Duniya ce a gine, amma sai wanda ya karanta ko ya zauna da tsofaffi zai san da ita.

Abu Sadik: Yauwa, nan nake jiran ki. Kina zaton ba mu san da su ba ne? Ki rubuta sadauki a birnin da babu shi a taswira, yana yaƙar masu bautar gunki, a ƙarshe su musulunta, kowa ya yi barci lafiya. Ki sa Jangare a labari, ki sa Ɗan Galadima ya taimaki jarumi, gobe hoton shafinki na yawo ana cewa kina tallan shirka. Ki sa wani sarki na gaske ya yi zalunci, jikokinsa suna nan da ransu da rawaninsu. Kano, garin da aka taɓa tara littattafan Hausa aka cinna musu wuta a bainar jama'a a 2007, ga Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i tun 2001, ba a koya wa marubucinsa taka tsantsan. Nisanta labarin da muke yi dabara ce, ba jahilci ba.

Baba Mai Haya: Wannan ka faɗi gaskiya, ba zan ja ba. Amma an taɓa tsallake ramin. Ganɗoki na Bello Kagara, cikin littattafan gasar rubuta labaran Hausa ta 1933, da yaƙin Turawa na gaske ya fara, da garuruwan da muka sani, sannan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasar aljanu. Malami ne ya rubuta, ba wanda ya kafirta shi. Ya san iyakar da zai taka ne saboda ya san tarihin ya kuma san littattafan addini. Kai da ka guji karatu, ko iyakar ba ka san inda take ba, shi ya sa ka gudu har Farisa.

Zainab BUK: Kuma ba sai da Turanci ba. Labarun Hausawa da Maƙwabtansu na nan da Hausa tun farkon shekarun 1930, tarihin Kano na ciki.

Maman Hanif: Duk na ji, kuma maganar miya ta shige ni, Hadiza, Allah ya saka. Amma har yanzu ba wanda ya amsa tambayata. Ku ce in tsaya in yi karatu, in gama littafi tsaf sannan in sake shi. Ranar da cikakken littafi ya fita a dunƙule, kafin la'asar yana zaure ashirin kyauta, kafin mako wani yana karanta shi a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Sakin shafi-shafi shi ne kawai katangar da muke da ita, don ɓarawo ba ya iya satar abin da ban rubuta ba tukuna. Manhajar da za a ce a jingina da ita ma ba tabbas, OkadaBooks mai sayar da littattafai da ta yi shekara goma ta rufe a 2023.

Zainab BUK: To ki gama shi a ɓoye, ki riƙa saki shafi-shafi. Wa ya ce sai a daren za a rubuta na daren?

Maman Hanif: Watannin da zan yi ina rubutun ɓoyen da karatun, ba na sakin komai, su masu biyan za su zauna jira na? Marubuta nawa ne ke buɗe sabon littafi kowane mako?

Hadiza Damagaram: Ni zan jira, Anti, in dai Sarauniya za ki rubuta.

Maman Hanif: Ke ɗaya ce, ƙanwata, ɗari biyar ɗinki ko datar wata ba za ta saya ba. Ki kawo mini mutum ɗari biyu da za su biya rabi tun kafin su ga shafin farko, ni kuma in je wajen Baba in yi hayar duk abin da ya rage a shagonsa.

Baba Mai Haya: Shagon ya koma na cajin waya, 'yata. Littattafan suna gida cikin buhu, ki aiko yaro da Keke Napep.